Godiya ga mutanen Jos bayan kwana bakwai a hannunsu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, na iso gida Sakkwato lafiya daren jiya, kuma ban ga dacewar in bari gajiyar hanya ta jinkirta mini godiya ga waɗanda suka ɗauki ɗawainiyata a Jos ba. Ɗaurin auren ƙanen wani abokina da muka yi makaranta tare ne ya kai ni, da niyyar kwana biyu kacal, amma mahaifiyarsu ta ce wanda ya taso tun daga Sakkwato ba zai juya ƙurar hanya ba ta bar ƙafarsa ba. Haka kwana biyu ya zama bakwai.

Mun bi ta Gusau da Funtuwa da Zariya, muka karya ta Pambeguwa da Saminaka, kuma bayan Jengre ne mota ta fara hawa, duwatsu suka taso dama da hagu, wasu an ɗora su kan wasu kamar da hannu aka jera. Na bar garinmu cikin tsakiyar bazara, zafi ya haura digiri 40, kowa yana kwana a tsakar gida, sai ga ni a wannan daren ina neman bargo. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma damina ta riga ta sauka a can tun muna jiran hadarin farko a nan.

Godiyata ta farko ga Inna ce, mahaifiyar ango. A rana ta uku sanyin ya kayar da ni da mura da zazzaɓi, gidan kuma cike da 'yan biki, amma duk da hidimar da ke kanta ba ta bar wa kowa jinyata ba. Kafin kiran sallar asuba zan ji an ajiye bokiti a bakin ƙofa, in buɗe in tarar da ruwan zafi yana tururi an rufe shi da faranti, da butar alwala ita ma an sirka. Ta dafa mini shayi da citta da kanumfari, ta ciro rigar sanyin ɗanta ta ba ni, da rana kuma ta aiko da gwaten acca da ya ji yakuwa da alayyahu, ta ce in sha da zafinsa in yi gumi. Inna, ban taɓa shan gwate ba sai a hannunki, kuma ba ni da abin da zan saka miki da shi sai addu'a. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya zuriyarki, Ya ba ango da amarya zaman lafiya.

Da na ji sauƙi, Kawunsu ya ajiye aikinsa na yini guda ya kai ni gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Na daɗe tsaye gaban kawunan yumɓu na Nok, masu huda a ido da kitso a ka, aikin mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928. Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne wajen da aka kwaikwayi gine-ginenmu na gargajiya, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani. Ban yi tsammanin zan hau duwatsun Filato in tarar an adana aikin maginan ƙasar Hausa haka ba. A hanyar Bukuru kuma Kawu ya tsayar da mota gaban wani kududdufi mai ruwa kore shar, ya ce ramin kuza ne da kamfanonin Turawa suka bari, ya gargaɗe ni kada in matsa bakinsa domin zurfinsa ba ya nunawa. Kawu, na gode da haƙurin amsa tambayoyina.

Akwai wanda ban san sunansa ba, kuma shi ne dalilin da ya sa na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a. Ba zan ɓoye ba, na tafi da ɗar-ɗar a zuciya, domin abin da muka fi ji game da Jos shi ne rikicin 2001 da 2008 da 2010, kuma na ga da idona yadda unguwanni suka rabu. Ranar da na je kasuwar Farin Gada sayen tsaraba, hankalina ya tafi kan tulin kabeji da karas da dankalin Turawa, na manta jakata a cikin keke Napep, da waya da kuɗin motar komawa a ciki. Bayan kusan awa guda sai ga mai keken yana bin rumfuna yana cigiyar baƙo mai farar riga da Hausar Sakkwato. Ɗan ƙabilar Birom ne, Kirista, kuma ya ƙi karɓar ko sisi, sai da na roƙe shi sosai ya yarda na biya masa kuɗin man da ya ƙona. Idan wannan saƙo ya kai ga wanda ya san shi, don Allah a gaya masa ban manta ba.

Ina kuma godiya ga maƙwabcina da ya riƙe mini shago har na dawo, da iyalina da suka yi haƙuri da ƙarin kwanakin, da duk waɗanda suka yi ta kira suna tambayar jikina.

Ga abokina da gidansu duka, gayyata tana nan, kuma shawarata ku zo da hunturu, kada ku zo da bazara, in kai ku Hubbaren Shehu da fadar Sarkin Musulmi. Inna, da na kwance kaya na tarar da rigar sanyin a cikin jakata. Zan ba direban da ya kawo ni ya mayar miki da ita ranar Asabar in sha Allahu, tare da buhun albasa da kilishi.