Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Tsallen 'yar Suwon

Makon jiya na tsaya inda muka tare a ɗan gidan nan na hawa na uku a Suwon, wani birni kusa da Seoul, ni da maigida da 'yarmu mai shekara shida. Daminar 2021 a kulle ta same mu. Korona ta sake tasowa, har gwamnatin Koriya ta Kudu ta hana mutum fiye da biyu haɗuwa bayan ƙarfe shida na yamma a Seoul da kewayenta. Maigida yana wajen karatunsa daga safe har dare, ni da yarinya kuwa sai kallon talabijin da ba ma jin rabin abin da ake faɗa.

Ranar Lahadi, 1 ga Agusta, da yamma, tsohuwar da ke hawan ƙasanmu ta ƙwanƙwasa ƙofa da farantin kankana a hannu. Halmoni kowa ke ce mata, wato Kaka. Ko zama ba ta yi ba ta karɓi rimot ta mayar da mu tashar KBS, tana nuna wata yarinya a gasar Olamfik ta Tokyo tana cewa "Suwon, Suwon." Daga baya na gane nufinta: Yeo Seo-jeong, mai shekara 19, a ƙungiyar hukumar birninmu take wasa a lokacin.

Ban taɓa zama na kalli jimnastik ba sai ranar. Abin ba ya daɗewa. A sheƙo da gudu na kusan mita 25, a taka wani katako mai cilla mutum sama, a dafa teburi da hannu biyu, a yi alkafura a iska, a dira. Kafin ka ƙifta ido an gama. Seo-jeong ta yi tsallen da ke ɗauke da sunanta tun 2019: alkafura ta gaba, jiki a miƙe sambal, tana murɗawa sau biyu kafin ƙafa ta taɓa katifa. Ta dira daram. Alƙalai suka ba ta 15.333, mai sharhin ya kurma wani ihu da ya sa na dubi Halmoni, don ban saba jin namijin Koriya ya saki murya haka ba.

"Appa," in ji ta, tana dafa ƙirji. Wato baba, baban yarinyar ne.

Ashe mai sharhin Yeo Hong-chul ne, wanda ya ci azurfa a wannan tsallen a Atlanta a 1996. Shi ma akwai tsalle da sunansa. Halmoni ta miƙe, da tsufanta, ta gwada min yadda ya rasa zinare a wancan karon: ya dira, ƙafa ta ƙwace masa, ya ja da baya taku-taku. Shekara 25 ke nan, amma tana kwaikwayonsa kamar jiya aka yi. Ba ta ma koma ta zauna ba 'yar ta yi tsallenta na biyu, kuma wallahi haka ita ma ta ja da baya. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har tuntuɓen sai da ta gada. Aka ba ta 14.133.

Jiran da ya biyo baya shi ya fi tsallen wahala. Na tsinci kaina ina addu'a ga yarinyar da ban san da ita ba minti goma da suka wuce. Da aka gama, matsakaicin makinta 14.733 ya tsaya a na uku, bayan Rebeca Andrade ta Brazil da MyKayla Skinner ta Amurka. Tagulla ce, amma ita ce lambar Olamfik ta farko da wata mace ta ci wa ƙasar a jimnastik. Halmoni ta yi kuka har da majina. Ta ce tun Seo-jeong tana shekara 16 take bin ta, lokacin da ta ci zinare a wasannin Asiya a Jakarta a 2018.

Abin da ban lura da shi ba, 'yata ba ta taɓa kankanar ba. Ido kawai ta kafa.

Washegari ina wanke-wanke na ji dim! Na leƙo, ta jawo katifarmu tsakiyar falo, tana haurowa daga kan kujera. A gidajen Koriya ba abin da ke haɗa maƙwabta faɗa kamar ƙarar taku daga sama, har takalmin ɗaki mai laushi muka saya mata saboda haka. Na daka mata tsawa, ta ce, "Umma, ai ban ja da baya ba."

Kwana uku ana dim-dim, ina jiran ranar da za a kai ƙararmu ofishin masu kula da ginin. Ran na huɗu Halmoni ta hau da kanta. Na fara ba ta haƙuri da ɗan Koriyancin da na iya, sai ta miƙo min takarda: lambar wayar wani wurin koyar da yara jimnastik, tasha biyu a bas daga gidanmu.

Da daddare na ajiye wa maigida takardar kusa da abincinsa. Ya karanta, ya buɗe hoton wurin a waya, ya daɗe yana kallon irin kayan da yaran ke sanye da su.

"Da waɗannan kayan za ta yi?" ya tambaya.

Yadda muka ƙare da shi a wannan dare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.