Shansherar da na cika sito da ita a kan bashi

Da Buhari ya rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 na sayi injin casar shinkafa na biyu. Kowa a Kura ya san yadda kasuwa ta kasance lokacin: 'yar waje ta yi wuya, 'yan kasuwar Singa ta Kano suna biyo mu har bakin inji da kuɗi a hannu, ko tsakuwa ba sa ƙorafi a kai. Tun 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa dalar gwamnati, ga shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi yana tura manoma gona. Sai na ɗauka katangar da aka yi mana ta siminti ce. Ko da aka sake buɗe iyaka a Disamban 2020, ba mu ji a jikinmu sosai ba.

Alamu sun zo, ni ne dai na rufe ido. An cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota daga Haɗeja ya haura. A watan Oktoba aka ɗage wancan hanin dalar. Afrilun 2024 kuma aka kai wutar Band A, wato ta masu samun lantarki awanni mafi yawa, naira 225 kowane yunit. Duk waɗannan na shanye su, don ina ƙara wa buhu kuɗi ana saye.

Inda na yanka wa kaina wuya shi ne kakar 2024. A watan Yuli gwamnati ta ce ta yafe harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka cire wa buntu ba a goge ba. Na ji a rediyo, na yi tsaki, na ce kwana 150 ai kamar gobe ne. Da kaka ta yi sai na je banki na ci bashi, alhali Babban Banki ya kai ma'aunin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, na cika sito da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, har rufi, wai ina jiran tsadar bazara kamar yadda muka saba.

Yayana ya zo ya ga buhunan, ya tsaya shiru. Ya ce, "Wannan da kuɗinka ka saya ko da na mutane?" Na ce, "Yaya, ai shinkafa ba ta kwantai." Ya ce Allah ya sa, ya hau babur ɗinsa.

Bazarar 2025 ta zo, farashi ya kama gangara maimakon hawa. Kullum na ce bari in jira mako ɗaya, mako ya wuce da sabuwar faɗuwa, ruwan banki kuwa bai san Juma'a ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ban isa in ce an cuce ni kai tsaye ba. Mutanen gari yunwa suke ji, gwamnati kuma tana neman abin da zai sauke farashi da gaggawa. Uwargidana ma murna take yi a kasuwa, ni ina lissafin asara a ɗaki. Gwamnatin da ta ce mu zuba jari don ƙasa ta ciyar da kanta, ita ce ta buɗe ƙofa da talaka ya yi kuka, kuma babu wanda ya aiko mana da goron gayyata kafin a yanke shawara.

Daga baya na sayar da injin na biyu na biya bashi. Yanzu ba na ajiye shanshera fiye da ta mako uku, kuma rabin aikina casar haya ce: manomi ya kawo kayansa, in casa, ya biya ni ladana, faɗuwa da tashin farashi nasa ne. Duk mai son shiga harkar nan ina ce masa ya ɗauki biro ya lissafa ko zai fita idan 'yar Indiya ta sauka gobe ba haraji. Ni ban yi wannan lissafin ba, sanarwar kuma da kunnena na ji ta, wata huɗu kafin in sa hannu a takardar banki.