Yadda muka bi ta tsakanin haƙarƙari muka ɗora wa zuciya waya

Yawancin masu gazawar zuciya da ake kawo mana nan Abuja hawan jini ne ya kai su ga haka, shekara da shekaru ba a kula da shi ba. Akwai kuma matan da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa, cutar da likitocin Zariya suka yi rubutu a kanta tun shekarun 1970. Akasarinsu magani ne gatansu. Sai dai akwai waɗanda matsalarsu ba raunin tsoka kaɗai ba ne: saƙon lantarkin da ke sa zuciya ta matse yana isa ɓangaren hagu a makare. Kamar mutum biyu ne za su ɗaga buhun masara, ɗaya ya yunƙura ɗaya bai shirya ba, ƙarfi ya tafi a banza. Su ake sa wa na'urar da mutane ke kira batirin zuciya, mai waya uku, don sassan biyu su riƙa matsewa tare. Mu CRT muke ce mata.

Wani dattijo daga Kubwa ya cika sharuɗɗan. Ba ya iya barci sai a jingine, ƙafafu a kumbure, alwala ma sai ya tsaya ya huta. Hoton zuciya ya nuna jinin da take turowa a kowane bugu bai kai kashi 35 cikin 100 na jinin da ke cikinta ba, gwajin lantarkin zuciya na ECG kuma ya nuna saƙon na ɗaukar sama da milisakan 150 kafin ya game ta, duk da ya daɗe a kan magani.

A ƙa'ida ba a buɗe ƙirji. Ta jijiyar jini da ke ƙasan kafaɗa ake zura wayoyin. Biyu na dama ba su cika ba da wahala ba. Ta uku ce mai gardama, don sai ta bi wata jijiya da ta zagaya bayan zuciya, ta shiga reshen da ke kwance a gefen hagu. Abokin aikina ya yi iya ƙoƙarinsa, amma reshe ɗaya tilo da wayar ke zama a ciki yana dab da jijiyar numfashi. Da an kunna, sai cikin dattijon ya riƙa zabura da shaƙuwa a kowane bugu. Ba mai iya rayuwa haka. Shi ya sa aka turo mini shi.

"Likita, ƙirjin za ku fasa?" Abin da ya fara tambayata ke nan.

Na ce, "Baba, ba za mu taɓa ƙashin ƙirji ba. Tsakanin haƙarƙari za mu bi, yankan ba zai wuce tsawon ɗan yatsa da yawa ba."

Wannan ma ita ce tsohuwar hanya. A 1958, a ƙasar Suwidin, a jikin zuciya ta waje Ake Senning ya ɗinka wayoyin na'urar farko da aka dasa wa mutum, kuma Arne Larsson da aka sa wa ita ya rayu har 2001.

A wurina lokacin da ya fi haɗari shi ne sa barci, don zuciya mai rauni ba ta jure faɗuwar awon jini, ko na ɗan lokaci. Sai da likitan barci ya ce ya gamsu na ɗauki wuƙa. Muka kwantar da huhun hagu, na hango jijiyar numfashin, fara, siririya, manne da jakar zuciya. Na tsaga jakar nesa da ita. Ga zuciyar nan ta ƙara girma, tana motsi a kasalance.

A nan ne aikin yake. Ido na ganin ko'ina, amma ba ko'ina ke karɓar waya ba. Kitse ba ya ɗaukar lantarki sosai, tabon tsoka kuma bai da amfani, tsinin zuciya ma ana guje masa. Gefen hagu nake nema, can wajen baya, inda saƙon ya fi makara, a tsoka ja mai rai tsakanin jijiyoyin jini. Na ɗora, muka auna, na matsa kaɗan, muka sake aunawa, har muka samu inda lantarki ɗan kaɗan ke motsa ta. Sannan muka ƙara ƙarfi har bolt 10, hannuna a kan cikinsa. Shiru, ba zabura. Na ɗinke wayar, na bar mata sassauci don kada numfashi ya riƙa jan ta, na bi da ita ta ƙarƙashin fata zuwa na'urar. Da aka kunna duka ukun, zanen bugun da ke allo ya tsuke a gaban idonmu.

Tiyata ta ba ni damar zaɓen wuri, abin da jijiya ba ta bayarwa. Duk da haka ba na sa ta a gaba. Akwai zafin haƙarƙari, akwai robar fitar da ruwa a ƙirji, akwai ƙarin kwanaki a gado. Sai hanyar jijiya ta ƙi nake shiga.

Abin da na fi tsayawa a kai yanzu shi ne zama da iyali kafin a biya ko sisi. Daga waje ake shigo da na'urar, farashinta na bin dala, kuma na ga masu shirin sayar da fili saboda ita. Binciken CARE-HF na 2005 ya nuna ta rage mace-mace da kashi 36 cikin 100, amma a cikin waɗanda aka tace, masu shan maganinsu. Kusan ɗaya cikin uku kuma ba sa samun sauƙin da ake fata. Dole su ji wannan daga bakina, su yanke shawara ido buɗe.

Ranar sallama na zaunar da babban ɗansa. Baba ba zai daina magani ba, gishiri kuma a rage. Kada ya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa sai bayan sati 6, kada ya sa wayar salula a aljihun gaban riga, ya nisanci wurin walda. Idan wurin ɗinkin ya yi ja ko zazzaɓi ya taso, a kawo shi ko da tsakar dare ne. Da suka dawo awo, da ƙafarsa ya hau benen asibiti, muka duba batirin muka rubuta musu ranar dawowa ta gaba.