Tafiyata Trieste, inda ake wa ɓera allurar gyaran zuciya

Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Istanbul, sai Venis, daga nan na kama jirgin ƙasa wajen awa biyu zuwa Trieste, can ƙarshen Italiya dab da iyakar Sulobeniya. Sanyi kam ba a magana, ga wata iska da suke ce wa bora, in ta taso sai ka dafe hularka.

Kwas ne ya kai ni ICGEB, wata cibiyar binciken ƙwayoyin halitta ta ƙasa da ƙasa da ke kan tudu a Padriciano, bas ake hawa. A lab na ga an sumar da ɓera, an aske masa ƙirji ana masa eko, wato hoton zuciya tana bugawa, zuciyar nan ƴar mitsitsiya tana bugawa sama da 400 a minti, wallahi ido ba ya iya bi sai an rage gudun hoton a kwamfuta. Dabarar ita ce a ɗauko wani bairos mara lahani, AAV, a cusa masa ƙwayar halittar da ake so, a yi allura, shi zai kai saƙon cikin tsokar zuciyar da ta raunana.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne aikin su Mauro Giacca, wani masanin binciken zuciya ɗan Italiya, na 2019. Aladu aka yi amfani da su, don zuciyarsu ta fi kusa da tamu a girma, aka toshe musu jijiyar zuciya sannan aka saka musu miR-199a, wani ɗan saƙon halitta da ke sa ƙwayoyin tsokar zuciya su hayayyafa, cikin wata ɗaya tabon ya ragu zuciya ta dawo aiki sosai, amma fa daga baya yawancinsu suka mutu farat ɗaya, bugun ya rikice, saboda abin ya ci gaba da aiki ba yadda za a kashe shi. Haka ma wani maganin ƙwayar halitta na raunin zuciya mai suna SERCA2a, ya yi kyau a dabbobi, da aka gwada a mutum 250 sakamakon 2015 ya nuna bai taimaka ba.

Ni dai masu jegonmu na Kano da Zariya nake ta tunawa, mace ta haihu lafiya sai ƙafa ta kumbura, haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Irin wannan raunin zuciyar ya yi mana yawa. Ina fatan maganin nan ya nuna ya iso mu, amma kafin nan don Allah a samar da injin eko a asibitocin ƙananan hukumomi, a koya wa ungozoma ta gane hakin nan da wuri.