Ga masu tambaya ko ni nake tuƙa jirgin

Assalamu alaikum mutanen gida, ina gaida kowa da kowa. Tunda na saka hoton nan nawa a gaban jirgi mai saukar ungulu mai ruwan ɗorawa saƙonni suka ƙi tsayawa, wai ashe na zama matuƙi ban faɗa ba. Wallahi ko kujerar ban taɓa zama ba. Ni a sito nake aiki a kudu maso yammacin Ingila, kayan gyaransa nake lissafawa. Zan ba ku labarin jirgin, sannan in taɓo sanyi da maganar haya da kuke ta tambaya.

Sunansa Sea King. Asalinsa na Amurka ne, kamfanin Sikorsky, ya fara tashi a 1959 don farautar jiragen ƙarƙashin teku. Sai kamfanin Westland da ke garin Yeovil ya karɓi lasisi, ya sa masa injin Rolls-Royce guda biyu, nasu ya tashi a 1969. A 1978 sojan saman Birtaniya suka fara aikin ceto da shi, ana zura mutum da igiyar ƙarfe ya ɗauko wanda ya faɗa teku ko ya maƙale a dutse. Irinsa ne Yarima William ya riƙa tuƙawa a Wales. A 2015 suka ajiye aikin ceton, 2018 kuma Birtaniya ta yi masa ritaya gaba ɗaya, amma bai mutu ba, don Pakistan ta sayi wasu, Yukren ma an ba ta uku.

To tsohon jirgi da aka daina ƙerawa ina za a samu kayansa? Wani sa'in sai a kwance ɗan'uwansa da aka ajiye, a cire na wannan a sa wa wancan. A nan ne takarda take cin raina. Kai jama'a, noti ɗaya fa da satifiket ɗinsa yake zuwa, manyan kaya irin su giyabos da farfela kuwa kowanne da lambarsa da katin da ake rubuta awa nawa ya yi a sama, a wane jirgi, wa ya cire shi, wa ya sa hannu, kuma in awanninsa suka cika dole a cire shi ko da yana ƙyalli kamar yau aka yi shi.

Satin da ya wuce na buɗe wani akwati, kaya fes cikin leda, maiko bai ko bushe ba, amma lambar jikinsa da ta takarda sun bambanta da harafi ɗaya. Oga ko taɓa shi bai yi ba, ya rataya masa jan kati ya kulle a keji. Na ce yallaɓai ai da gani lafiyarsa lau, ya ce wanda ke lilo a igiya saman teku ba ruwansa da ganina. Kwana uku na yi ina tonon tsofaffin fayil, da farko haushi nake ji, yanzu kam ko baturin motata na canza sai na rubuta ranar. Ƙannena masu gareji, ɗan littafi da biro ba su da tsada fa.

Sanyi dai yana nan, sitonmu ba hita, safar hannu biyu nake sawa. Maganar haya sai wani karon, an kawo akwati huɗu tun safe ban duba takardunsu ba.