Godiya ga Waɗanda Suka Riƙe Mana Sababbin Ɗalibai a Granada

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, zangon farko ya ƙare, ƙannenmu da suka iso birnin Granada na ƙasar Sifaniya a watan Satumba don koyon Sifaniyanci sun zauna da gindinsu. Mu masu kula da su muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Godiya ta farko ga yayyensu, tsofaffin ɗalibai, da suka ɗauki wahalar takardu. Wanda zai wuce wata 6 a Sifaniya dole ya nemi katin zama, wato TIE, cikin wata ɗaya da shigowarsa, kuma abin yana da tsari. Da farko takardar haya, da ita ake rajistar adireshi a ofishin magajin gari, abin da suke kira empadronamiento. Daga nan a kama rana ta intanet, a cike fom EX-17, a biya kuɗin fom 790 a banki, a tafi wurin 'yan sanda da fasfo da hoto a ɗauki zanen yatsa. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ɗakin da aka kama da baki kawai: babu takardar haya, rajista ta tsaya, komai ya tsaya. Kun hana yaranmu faɗawa wannan ramin, Allah Ya biya ku.

Muna gode wa iyalan da suka saukar da wasu a gidajensu, suka jure tambayar "¿lleva cerdo?" (wato "akwai alade a ciki?") a kowane cin abinci. Tambayar ba ta wasa ba ce, don naman alade da kitsensa suna ɓuya a miya da wake da kayan fulawa, har da ɗan abin taɓawan da ake kawowa kyauta idan ka sayi abin sha. 'Yan'uwanmu 'yan Maroko na wajen titin Elvira sun nuna musu mahauta na halal, jama'ar babban masallacin unguwar Albaicín, wanda aka buɗe a 2003, sun karɓe su ranar Juma'a hannu bibbiyu. Su ne kuma suka gargaɗe su a yi cefane ran Asabar, saboda yawancin manyan shaguna a rufe suke ran Lahadi.

Malamai, sai dai addu'a. Mutanen Granada suna haɗiye harafin s na ƙarshen kalma, ɗalibi ya fito aji da ƙarfinsa, mai shago ya yi magana ya ji kamar wani yare ne daban. Da haƙurinku kunne ya buɗe.

Sai masu raka su yawon ƙarshen mako, waɗanda suka sadaukar da hutunsu. Tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta Granada, da sunan mutum ake yankarsa, makonni kafin ranar, a shiga da fasfo na ainihi. Sashen fadojin sarakunan Banu Nasr, waɗanda mulkinsu ya ƙare a 1492, yana da lokacin shiga a rubuce a jikin tikiti; wanda ya tsaya ɗaukar hoto a lambu ya makara, ya yi asara ke nan. A birnin Kurɗuba, tafiyar kusan awa 3 a bas ɗin kamfanin ALSA, kun yi kyau da kuka faɗa musu tun a hanya cewa masallacin da Abdurrahman na Farko ya fara ginawa wajen shekarar 785 yanzu coci ne, ba a yarda a yi salla a ciki ba. Gara mutum ya sani kafin ya shiga. Hanyar ƙauyukan Alpujarra kuwa, Pampaneira zuwa Capileira, kwana-kwana ce a gefen dutse, mai jiri ya zauna gaba, kada ya cika ciki. Rigunan sanyi da safar hannu da kuka ara musu don hawa duwatsun Sierra Nevada sun yi rana.

Iyayenmu na gida, mun gode da addu'a da haƙurin jiran kira. Roƙonmu ɗaya: kada a matsa wa yaro ya zo hutun Disamba idan bizarsa ta ƙare kuma katinsa bai fito ba, sai ya karɓi takardar izinin dawowa, in ba haka ba ana iya hana shi hawa jirgin komawa. Allah Ya saka wa kowa da alheri.