Yatsan ya motsa, Alhamdulillah

Alhamdulillah, Alhamdulillah. Jiya bayan azahar likita ya ce autana ya ajiye sanda, wata 5 cif bayan karayar da ya yi a ƙafa. Sauran labarin kun san shi, ku kuka yi ta bin mu da addu'a, ba sai na maimaita ba. Ban san na tara gajiya haka ba sai da na dawo gida na zube a tabarma.

Dare ɗaya ne ya ƙi barin raina, daren da muka kwance ɗorin muka kai shi asibiti. An yi masa allura amma bai daina ihu ba, har na ce masa raki ya isa haka, Allah ya yafe mini. Wajen ƙarfe 2 wata nas ta zo, ta taɓa gaban ƙwaurin ta ji ya yi tauri kamar icce. Ta kama babban yatsansa ta ɗan lanƙwasa ƙasa a hankali, ya ƙwalla ƙarar da ta tayar da duk ɗakin. Ta shafa tsakanin babban yatsan da mai bi masa, ya ce bai ji komai ba. Ta dube ni ta ce, "Baba, kada ka je ko'ina." Da gudu ta fita, da wayarta ta taso likita.

A bayan katin asibiti likitan ya zana mini abin, a tsaye. Ashe tsoka 4 ne a gaban ƙwauri. Babbar tana kwance a gefen ƙashi, ita ke ɗaga ƙafa sama idan mutum zai taka. Ɗaya tana ɗaga babban yatsa, ɗaya sauran yatsu 4, sai wata ƙarama mai taya su. Dukkansu a cikin tantani ɗaya suke mai tauri wanda ba ya buɗewa, tare da hanyar jini da jijiyar da ke kai musu saƙo. Idan ciki ya kumbura, waje kuma an ɗaure tam da kara da tsumma, jini ba ya samun wucewa, cikin kamar awa 6 naman ya fara mutuwa. Ya ce, "Malam, mu tsaga yanzu ko mu yi maganar yankewa daga baya." Hannuna na rawa na sa hannu. Suka tsaga gefe biyu, suka bar shi buɗe kwanaki kafin a rufe.

Ƙafar ta tsira, amma ta saki. Silifas ya dinga zame masa, sai ya ɗaga gwiwa sama kafin ya taka, kana jin fat, fat tun daga zaure. Masu gashin ƙashi suka ba shi takalmin roba mai tallafe ƙafa, suka ce jijiya kamar milimita 1 take tsirowa a rana, mu yi haƙuri. Kullum bayan asuba mahaifiyarsa ta zauna ta ce ɗaga, yatsan ya yi shiru. Wata Laraba yana alwala ya kira ta da ƙarfi. Yatsan ne ya ɗan motsa, bai kai faɗin ƙwayar gero ba. A nan tsakar gida ta yi sujada.

Nas ɗin nan ban ma san sunanta ba. Allah ya san ki 'yata, ya tsare miki zuri'a, ya sa kada ki ga irin wannan dare a kan naki. Sun ce kada in ambace su, amma ba zan iya ba: Yaya Babba da ya sayar da tumakinsa, Gwaggo da ta kwana 17 a barandar asibiti, limaminmu, abokan ƙwallonsa biyu da suka ba da jini, da mai adaidaita sahun layinmu da ya yi ta kai mu gashi bai taɓa karɓar ko sisi ba. Allah ya biya ku da Aljanna, ya buɗa muku, ya jiƙan iyayenku, ya raba ku da kwanan asibiti.

Waɗanda suka dage a kai shi ɗori, har yau muna sauraron sallamarsu. Wataƙila hidima ce ta yi yawa, mun yi musu uzuri.

Saura gashi sau biyu a mako, kuma an hana shi ƙwallo tukuna. Ku ci gaba da sa shi a addu'a.